Sojojin Roba da Rezar Uwargida

Ina da sojoji. Da wannan maganar nake tarbar baƙo idan ya zauna a bencin rumfata yana jiran in liƙe masa taya, don kawai in ga yadda fuskarsa za ta yi. Wani ya yi dariya, wani ya gyara zama ya fara duban hanya. Sai na bar shi ya ɗan jiƙu, sannan in ce ya kwantar da hankalinsa, duk cikinsu babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsana, kuma suna kwance cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona. Bana na daina wannan tsokanar. Gwangwanin ma ya bar ƙarƙashin gadon, kuma yadda aka yi ya bar wurin nake so in rubuta, da ɗan bokon da na tsira da shi kafin malamin aji huɗu ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa.

Faci nake yi a Rano, a bakin hanyar Kibiya. Tun ana kawo mini keke har aka koma babur, gemuna ya yi fari a kan bahon ruwan da nake tsoma robar taya ina neman inda iska ke fita.

Sojojin na roba ne, koraye, kowanne ƙafafunsa a manne da ɗan faifai don ya iya tsayuwa. Na farkonsu kawuna ne ya kawo, ƙanin mahaifiyata, shekarar da ya dawo daga aikin soja muna yara. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da kunne ɗaya da ya mutu, da wani ƙunshi da ya kwance ya zazzage mana a kan tabarma. Mu da iyakar wasanmu shanun laka, waɗanda kafin su bushe ƙahonsu ya karye, sai ga mutane da hula da takalmi har da maɓallan riga. Akwai mai auna bindiga a tsaye, akwai wanda ya kwanta rub-da-ciki, akwai mai ɗaga hannu zai jefa wani abu da muka yanke shawarar cewa curin fura ne. Akwai kuma wani a durƙushe, da akwati a bayansa, ya kara wani abu a kunne. Shi babu wanda ya so, don ba shi da bindiga. Ni ne ƙarami, shi ya zama rabona, na ɓare baki ina kuka. Kawu ya jawo ni, ya juyo da kunnensa mai ji ya ce, “Kai wawa, babbansu ka samu. Wannan shi ne mai oba-oba. In an shiga daji, shi kaɗai ake jin muryarsa daga gida.”

Kafin damina ta zagayo sauran duk sun dawo hannuna. Kada a tambaye ni yadda aka yi. An dai yi musaya, kuma har yau akwai wani ɗan'uwana a Madachi da in muka haɗu a wajen suna sai ya tuna mini cewa ɗan tsakon da na ba shi gurgu ne. Sa'annina suka girma suka manta, ni na girma ban manta ba. Da na kafa rumfa, masu yawon sayen tsofaffin ƙarafa da robobi suka gane halina, in sun tsinci ɗaya a bola sai su ajiye mini. Na zamanin nan ba na karɓa. Ƙyalli ne kawai, fuskarsu kamar an shafe ta da yatsa, in ka lanƙwasa bindigar sai ta ɓalle. Na dā robarsu taushi gare ta, in ka ciza haƙori ya zauna. Shi ya sa aka sha ganina a kasuwar Kibiya, da furfurata da carbina, ina cizon soja a gaban mai kayan gwanjo.

Uwargida ta same ni da su, ta zauna da su shekara da shekaru ba ta ce komai ba, sai dai in tana shara ta ce in janye mata “mutanena”. Iyayenta Fulani ne na wajen Rurum, waɗanda suka zauna suka kama noma, kuma ta zo gidana da kunyarsu cikakkiya. Da Allah ya ba mu ɗan fari, namiji, ta yi abin da aka san uwa tana yi, ta ma ƙara. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ba shi nono sai ta fuskanci bango. Da aka yaye shi, yayata ta zo ta ɗauke shi riƙo zuwa Dawaki, uwarsa tana tankaɗe ko kai ba ta ɗaga ba. Daga baya na ga garin da ta tankaɗe ya yi gudaji nan da can kamar yayyafi ya taɓa shi. Na wuce kamar ban gani ba, don ni ma haka aka koya mini. Ɗan fari ba a ɗora shi a cinya, ba a yabonsa, ba a tambayar ko ya ci abinci. “Yaron nan” muke ce masa, har ya yi gemu.

Amma ni ba a rasa ni da dabara. In an kawo shi hutu, sai in yi mantuwa in bar gwangwanin a zaure, murfin a sake, in tafi rumfa. In na dawo in tarar an rufe shi tsaf, sai dai mai oba-oba yana sama, alhali a ƙasa na bar shi. Ban taɓa tambaya ba, bai taɓa faɗa ba. Iyakar hirar da na yi da ɗana yana yaro ke nan.

Ranar da ya zo ya durƙusa a zaure ya ce an ɗauke shi soja, na ce Allah ya tsare, na ci gaba da gyaran famfona. Uwarsa ta ce to. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, ya kawo matar da 'yar ya ajiye mana a ɗakin da ke kusa da rijiya, aka tura shi gabas, can inda ba a son ambata. Ranar tafiyarsa ya biyo ta rumfa ya gaishe ni daga nesa. Bayan mota ta tashi na ga shi ma ya yi mantuwa: babbar waya irin ta shafawa, sabuwa fil, a kan benci, da lambarsa a ciki. Na ce lalle ɗan nan ba a canza mini shi a Dawaki ba.

To me zan ce masa? Uba ba ya kiran ɗan fari ya ce ya kwana da tunaninsa. Na yi ta juya wayar har wani mai babur ya nuna mini yadda ake ɗaukar hoto da yadda ake turawa. Ranar na fito da mai oba-oba na ɗora shi a kan tayar tarakta, na ɗauka, na tura, ban rubuta ko alif ba. Hoton ma rabinsa babban yatsana ne. Da la'asar waya ta yi ƙara. Murya ce ya turo, gajeriya, ana jin iska a bayansa: “Baba, kun bar shi shi kaɗai a fili. Ba a barin mai oba-oba a fili.” Sai dariya. Na yi ta maimaitawa har caji ya kusa ƙarewa.

Daga nan na haukace. Na gano cewa in ka ɗauki soja kana tsaye, roba ce kawai yashe a ƙasa. Sai ka kwanta, ka dasa wayar a turɓaya, ido cikin ido da shi, sannan ya zama mutum, tsakuwa ta zama dutse, ganyen gyaɗa ya zama daji. Na gano hasken hantsi wanke musu fuska yake yi, na yamma ne yake ba su doguwar inuwa. Na fara rufe rumfa da wuri in hau duwatsun bayan gari da gwangwani a aljihun babbar riga. Na haƙa musu ramuka da cokalin uwargida. Na cinna wa kara wuta a bayansu don hayaƙi, sau ɗaya har da gefen rigata. Wata rana ina kwance a gefen burtali, wani tsohon makiyayi Bafulatani da muka saba ya hango ni, ya bar shanunsa ya rugo yana salati, ya zaci faɗuwa na yi. Da ya ga abin da nake yi ya dafa sandarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kaɗo, ashe ciwon ya fi wanda na zata.” Na ce ya matsa, inuwarsa ta rufe mini runduna.

Kowane hoto da amsarsa, wani a ranar, wani sai an kwana biyu in suna inda babu sabis. Kullum gyara ne. “Baba, kun cure su wuri ɗaya, harsashi ɗaya ya ishe su.” “Baba, rana tana idonsu, wa ya ba ku wannan kwamandan?” Ni kuma da gangan nake ɓata jerin, in sa mai kwanciya yana auna bayan ɗan'uwansa, don in ja shi ya yi magana mai tsawo. In zan saurara ba a rumfa nake saurara ba. Sai na dawo gida na zauna a bakin ɗaki kusa da murhu, na ƙure ƙarar wayar kamar kunnena ne ya yi nauyi. Uwargida tana tuƙin tuwo, ta ba ni baya. Muciyar takan tsaya. In muryar ta ƙare ta ci gaba da tuƙi, ta ce, “Malam, kai da wayar nan kun ishi mutane.” Washegari in ban kunna ba ta ce, “Yau wayar taka ba caji ne?”

'Yarsa kuwa, jikar tawa, wadda nake kira amarya, ita kuma take ce mini tsoho mai baƙin hannu, tun tana rarrafe take kai hannu ga gwangwanin ina bugewa. Na san abin da yaro yake yi wa roba. Ni da nake babba ma da haƙori nake gwada ta.

Farkon daminar bana na tura masa wani hoto da na yi alfahari da shi. Na jera su suna tsallake wata 'yar kwata bayan ruwa ya ɗauke, mai oba-oba a tsakiya yadda ya koya mini. A wayar akwai wata alama kamar 'yar ƙugiya a gindin saƙo. In ɗaya ce, saƙon ya bar hannunka amma bai isa ba. In ya isa sai ta zama biyu. Ta tsaya a ɗaya. Na ce sabis ne. Aka yi noman farko tana ɗaya. Aka yi maimai, gero ya yi ciki, tana ɗaya. Matarsa ta kira duk lambar da take da ita. Wani abokin aikinsa da aka samu ya ce an tura su ciki sosai, wurin da ba a kunna waya, a yi haƙuri a yi addu'a. Daga baya shi ma tasa lambar ta daina shiga.

Gidan ya yi wani iri. Matar yaron tana da damar kuka, tana shiga ɗaki ta yi abinta. Maƙwabta suna shigowa suna tambayar uwargida ko an ji labari, ita kuwa al'ada ba ta ba ta bakin amsawa ba, sai ta ce, “Ku tambayi matarsa,” ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ni ban daina hawa dutse ba. Ina ɗauka ina turawa, hotuna suna taruwa ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne da ƙugiyarsa guda. Da can nakan kwantar da wasu a gefe a matsayin waɗanda aka harbe, don hoton ya yi kama da gaske. Tun da shirun ya fara ban ƙara kwantar da ko ɗaya ba. In iska ta ka da wani, sai in yi wuf in tayar da shi.

Ran nan da hantsi na shigo ɗaukar gwangwani na tarar da uwargida zaune a bakin gadona, abin da ba ta yi da rana.

“Malam, gumakan nan za su bar gidan nan.”

Shekara nawa tana ce musu mutanena, yau sun zama gumaka. Na ce, “Waɗanne gumaka kuma? Roba ce fa, irin ta bokitinki.”

“Bokitina ba shi da ido. A Islamiyya malama ta faɗa, gidan da aka ajiye mutum-mutumi mala'ikun rahama ba sa shigarsa. Ina ta roƙo, ina ta roƙo, ashe ƙofar a toshe take. Kai ka toshe ta da wasan yara.”

“Shekarun nan duk da suka yi a ƙarƙashin gado, ta taga mala'ikun suke shigowa?”

Wannan bakin nawa shi ya hana ni gama firamare. Tun ban rufe shi ba na san na yi ɓarna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Wa ya sa masa abin nan a rai? Kana tsammani ban san wanda yake barin gwangwani a zaure ba?” Ta tashi ta fita.

Ban taɓa sanin ta sani ba. Kuma tun da aka haife shi wannan ne karon farko da ta yi mini maganarsa kai tsaye, ko da yake a nan ma “masa” kawai ta iya cewa. Na so in bi ta in ce yara nawa suka yi wasa da sojan roba suka ƙare a tireda, ni kaina ga ni a bakin baho. Amma na tuna kawu, yadda ya ƙare rayuwarsa a gindin ɗorawa ba ya magana da kowa, in an yi tsawa ya kwanta a ƙasa da girmansa. Wannan ɓangaren babu shi a cikin gwangwani.

Na tafi wurin limamin unguwarmu, wanda muka yi wasan ƙasa tare, ina sa ran zai ba ni abin da zan kai gida in yi nasara da shi. Na zazzage masa su a kan buzu. Ya ɗauki mai jifa ya juya shi, na ga ya gane shi, don daga hannun yayansa na karɓo shi da can. Ya yi murmushi ya ajiye.

“Alhajin faci,” haka yake tsokanata, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba, “abin da malamarsu ta faɗa yana da asali. Surar mai rai, cikakkiya, mai inuwa, ba a ajiye ta. Mafita biyu na sani. Ko a cire kan, ta tashi daga sura. Ko kuma ya zama abin wasan yara ne a hannun yara, wannan an yi rangwame a kansa.”

Na ce, “To ai abin wasan yara ne.”

Ya dubi gemuna. “Ina yaron?”

Na ce yana nan cikina, ya ƙi fita. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ban ce maka su suka hana a ji labarin ɗanka ba, wannan sanin Allah ne, kada ka je ka ce ni na faɗa. Amma matarka tana ƙarewa a tsaye. In reza ɗaya za ta sa ta ci abinci, roba mece ce?”

Na sayi reza a hanya. Da la'asar na shimfiɗa buhu a tsakar gida inda za ta gani, na zazzage su, na ɗauki mai kwanciya rub-da-ciki, wanda ba na ji da shi sosai. Na ɗora rezar a wuyansa. Robar dā ce, ko ƙarfi ba sai na sa ba, ni da nake yankan taya safe da yamma. Sai hannuna ya ƙi. Kowa ya san irin hotunan da ke yawo a waya daga can gabas, an san abin da mutanen dajin suke yi wa soja in sun kama shi. Na taɓa gani a wayar wani direba kafin in kau da kai. Yanzu a ce ni, da hannuna, a tsakar gidan da aka yanke cibiyar yaron nan, in zauna ina fille kan soja ɗaya bayan ɗaya, alhali ban san inda nawa yake ba? Na san roba ce. Duk Rano babu wanda ya fi ni sanin roba. Na mai da rezar takardarta na kwashe su.

“Ba zan iya ba,” na ce, ita kuma tana wanke-wanke ba ta juyo ba.

“To fitar da su.”

Na ce rumfa ba ta da ƙofa, yaran tasha za su wawashe. Rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin, na ƙulla a raina cewa muddin mai oba-oba yana cikin gidan nan da kansa a wuyansa, za a ji murya. Ita kuma ta ƙulla cewa muddin yana ciki ba za a ji ba. Mu biyu tsofaffi, kowa da abin da ya riƙe, muka koma gaisawa kamar baƙi. Tuwona a bakin ƙofa ake ajiye mini, a rufe da faifai.

Ranar kasuwar Kibiya na tafi sayo sholisho, gam ɗin da muke faci da shi, na bar gwangwanin a gida, na kuma bar rezar a kan taga. Ba zan ce mantuwa ba ce, an riga an san irin mantuwata. Wataƙila so nake ta yi abin da na kasa, in dawo in yi faɗa, in huta. A kasuwa ban iya cinikin komai ba. Mai gwanjo ya ƙwala mini kira ya ce ya ajiye mini sabon kamu, na ce haƙorina ke ciwo. Tun kafin azahar na hau babur na juyo.

Na same ta a ɗakina a ƙasa, ta miƙe ƙafa, sojoji a baje a kan zaninta. Reza a hannun dama, mai oba-oba a hagu. Cikin su duka shi ta fara ɗauka. Ban san tun yaushe take zaune a haka ba, amma na wuce murhu wuta ta mutu, tukunya ko ɗumi babu. Daga inda nake tsaye na duba wuyansa. Akwai 'yar tsaga siririya kamar ta wanzami, ba ta shiga ba.

“Hular tasa ta yi masa yawa,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Kamar a hoton nan da ya turo.”

Hoton yaron nan ne da kakinsa, yana cikin wayata, kuma ban taɓa nuna mata ba. Ashe duk sanda na bar wayar a caji na tafi masallaci, akwai mai duba mini ita. Na zauna a dokin ƙofa. Ban iya lallashi ba, ban taɓa koya ba. Tsokana na iya, ita kuma ranar ta ƙi zuwa.

Muna haka jikata ta faɗo ɗakin da ɗan zaninta a hannu, tana neman wanda zai ɗaura mata goyon totuwar masara. Ta ga abin da aka daɗe ana hana ta a baje a ƙasa, ta tsaya cak, ta dube ni tana jiran tsawa.

Mafitar liman ta biyu ta dawo mini. Na san abin da zai biyo baya. Za a tauna bindigogi, za a jefa wani a rijiya, akuya za ta haɗiye wani. Abin da na tara tun ina sa bante, kafin kaka ba zai kai rabi ba. Amma za su zauna a gidan, da kawunansu. Na ce, “Amarya, zo ki kwashe lefenki.”

“Duka?”

“Duka. Daga yau ba nawa ba ne.”

“Tsoho, in ka ƙwace zan gaya wa Abbana ya harbe ka.”

“Gaya masa. Ni ma nemansa nake.”

Ta yar da totuwar. Ba ta kula masu bindiga ba, ta miƙa hannu ga wanda ke hannun kakarta, don yaro abin da ke hannun wani yake so. Uwargida ta ɗan riƙe, sannan ta sakar mata. Yarinyar ta ɗora shi a gadon bayanta ta sunkuya, ta ce a ɗaura mata. Ɗan abu kamar yatsa, ya ɓace a cikin zanin, hular kawai ke leƙowa.

“Wa kika goya?” in ji kakar.

“Abbana ne. Ya gaji.”

Na ga hannun uwargida ya tsaya a kan ƙullin. Matar nan ban taɓa ganin ta goya ɗanta na fari ba, yayata da ƙannena mata su suka goye shi. Ta sassauta zanin, ta gyara, ta sa yatsa ta tallafo kan ya zauna daidai. Ta ce, “Ba a barin kan yaro yana lilo. Riƙe nan.” Sannan ta ɗaure.

Yarinyar ta fita tsakar gida tana jijjiga shi. Uwargida ta naɗe rezar a takardarta ta miƙo mini. Ta ce, “Malam, ina wayar?” Na fito da ita. “Ɗauke su. Ka tura masa.”

Na kwanta a ƙasa yadda na saba, a tsakar gidana, a gaban surukata da ta leƙo daga ɗaki, na manta da wata kunya. Hoton ya yi dishi-dishi, ƙafar akuya ma ta shigo. Duk hotunan da na ɗauka babu wanda ya kai shi muni. Na tura.

Yanzu an yi girbin gero, dawa ta nuna. Rundunata ta watse a gidan. Wani yana tsaye a bakin randa, wani an yi masa wanka da sabulu an shanya shi a kan faifai, biyu ban san inda suke ba. Jiya na tsinci mai jifa a akurkin kaji, hannun jifan babu. Na goge shi da gefen riga, har na kai shi bakin aljihu, sai na wuce na ajiye shi a ƙofar ɗakin mai shi. Uwargida tana shara ta kewaye su, ba ta ƙara ce musu gumaka ba. Tana cin abinci, ba da yawa ba. Mai oba-oba na roƙi aronsa wajen amarya, bayan doguwar tuhuma ta ba ni, na kai shi rumfa na liƙe tsagar wuyan da sholisho. Tun da nake faci ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Da yamma na mayar mata.

Kullum in na dawo daga rumfa, kafin in wanke hannu, ina samun uwargida a gaban murhu tana tuƙi, ta ba ni baya. Muciyar ta tsaya. Ta ce, “Nawa ce?” Sai in zaro wayar in duba ƙugiyar saƙon, ko da na riga na duba a zaure. In ce, “Ɗaya ce.” Ta ce to, ta ci gaba da tuƙi.